Lamba 12, Kwanakin Jira

Asabar, 3 ga Disamba 2016

Man City 1, Chelsea 3. Costa, Willian, Hazard. Nasara ta takwas a jere. Gidan kallo kamar rufin kwanon zai tashi, ni ma na yi ihu har murya ta dishe. A hanyar gida kuma sai shiru ya sauko mini. Matic bai buga ba yau, na ce to ga ƙofa ta buɗe. Fabregas aka saka, daga baya Chalobah. Wasa 14 ke nan a gasar bana, Mikel ko minti ɗaya.

Litinin, 5 ga Disamba

Sanyin Jos ya kankama. Yatsu sun ƙi riƙe almakashi sai da rana ta ɗaga. Ɗinkin Kirsimeti ya fara taruwa a shago, atamfa da leshi har kan benci.

Yaya ya biyo da hantsi, da zancen da ya saba. Wai Chelsea ta kashe yaron nan Mikel tun 2006, da Man U ya tafi da yanzu wani zance ake yi. Na ce, "Yaya, kofin Zakarun Turai fa yana gidansa." Ya ce, "Kai dai ba ka son gaskiya. Ka tuna 2005?"

Na tuna. Wa zai manta? Holan, gasar 'yan ƙasa da shekara 20, Siasia na koci. Wasan ƙarshe Ajantina ta ci mu 2 da 1, duka biyun fenareti, duka biyun Messi. Gwarzon gasa Messi, na biyunsa Mikel, na uku Taye Taiwo. A lokacin Mikel namba goma yake bugawa, kai a sama, ƙwallo manne da ƙafa, fasin ɗaya ya raba 'yan baya gida biyu. Ban ba Yaya amsa ba. Na ci gaba da taka keke.

Lahadi, 11 ga Disamba

West Brom. 1 da nema, Costa. Awa guda kafin wasa na duba sunaye a waya, kamar kullum. Babu.

Litinin, 12 ga Disamba

Hutun Maulidi, shago rabin rana. Na zauna ina ƙirga kociyoyin da Mikel ya yi aiki a ƙarƙashinsu: Mourinho, Grant, Scolari, Hiddink, Ancelotti, Villas-Boas, Di Matteo, Benitez, Mourinho kuma, Hiddink kuma. Kowa ya zo da nasa tsarin da nasa yaran. Kowa kuma, in babban wasa ya taso, sai ka ga lamba 12 a gaban 'yan baya. Conte ne kaɗai bai gwada shi ba ko sau ɗaya.

Ban ga laifin Conte gaba ɗaya ba, dole in rubuta wannan. Tun da Arsenal ta yi mana 3 da nema a Satumba ya koma 'yan baya uku, mutum biyu kacal a tsakiya, kuma biyun nan sai masu gudu. Kante huhu biyu gare shi kamar kowa, amma gudun mutum biyu yake yi. Mikel ba mai gudu ba ne. Mai tsayawa ne a inda ƙwallo za ta biyo. Wanda ke cin wasa tara a jere ba a ce masa ya sauya.

Duk da haka. Ko minti goma?

Laraba, 14 ga Disamba

An ɗauke wuta tun la'asar, inji ya ƙi tashi a gidan kallo sai da aka yi minti ashirin da fara wasa. Sunderland 0, mu 1. Fabregas. Na dawo ƙafafu kamar ƙanƙara.

Juma'a, 16 ga Disamba

Bayan masallaci, musu a teburin mai shayi. Rabi sun ce hukuncin Olamfik ne: Mikel ya bar atisayen farkon kaka ya tafi Rio, sabon koci ya shafe shi daga lissafi. Rabi sun ce Conte da bakinsa ya musanta, ya ce zaɓin tsarin wasa ne kawai.

In ma Rio ce ta jawo, ni dai na ga abin da aka sayo da ita. Yaran sun maƙale a Atlanta, sun sauka Manaus sa'o'i kaɗan kafin wasa, suka ci Japan 5 da 4, Etebo ya zura huɗu. Da Denmark Mikel ne ya buɗe ci. Jamus ta tare mu a kusa da ƙarshe. Sai Honduras, 3 da 2, Sadiq Umar biyu, Aminu Umar ɗaya. Tagulla. Ita kaɗai ce lambar da Najeriya ta dawo da ita daga Rio, duk yawanmu. Shi ne kyaftin. Ga shekarar da muka rasa Keshi da Shu'aibu Amodu cikin mako guda.

Abin da ya fi ci mini rai: ba ciwo yake ba. Watan jiya a Uyo ya ci Aljeriya ƙwallo, aka tashi 3 da 1. A koriyar riga namba goma, a shuɗiya ko benci sai an yi sa'a.

Asabar, 17 ga Disamba

Palace. Costa da ka. Sha ɗaya. Costa da Kante duk sun cika katin gargaɗi biyar, ba za su buga wasan gaba ba.

Kante ba ya nan ranar 26. Na maimaita wa kaina sau uku a hanya.

Talata, 20 ga Disamba

Aiki har ƙarfe ɗaya na dare. Ina saka wa wata babbar riga shafi sai tunanin Mikel ya faɗo mini. Mai riga in ya zo karɓa, aikin wuya yake dubawa, aska takwas, zare ya kwanta ko bai kwanta ba. Ba wanda ya taɓa juya riga ya ce, "Tela, shafin nan ya yi kyau." Sai ranar da aka yi ta babu shafi, ta ƙi zama a jiki, sannan a san akwai abin da ya ɓace. Wannan aikin Mourinho ya ba shi tun yana ɗan shekara 19: ka zauna kusa da Makelele ka koya, ka karɓi ƙwallo, ka kare ta da jiki, ka miƙa wa Lampard, kada ka haura. Ya karɓa. Shekara goma.

Ko ya so? Wannan ne ban iya yanke wa ba. Wataƙila Yaya na da rabin gaskiya.

Juma'a, 23 ga Disamba

Oscar ya tafi Shanghai. Ana cewa fam miliyan 60. Ramires tun Janairu yana China. China na kwashe mutane kamar kasuwar ƙauye ranar da 'yan sari suka sauka. Mikel kuma yau a ce Valencia, gobe a ce Marseille, jibi a ce China. Kwantiraginsa zai ƙare ƙarshen kaka.

Lahadi, 25 ga Disamba

Maƙwabta sun aiko da shinkafa da kaza. Shago a rufe, kayan mutane duk sun fita, alhamdu lillahi. Barci kawai.

Litinin, 26 ga Disamba

Tun ƙarfe uku ina riƙe da waya. Sunaye suka fito. Fabregas da Matic.

Bournemouth ta sha 3 da nema, sha biyu a jere, tarihi a kulob ɗin. Mutane na rungume juna. Na biya kuɗin kallo na fita kafin a tashi. In Kante ba ya nan ma ba a nemi Mikel ba, to magana ta ƙare. Ba sai an sanar ba.

Talata, 27 ga Disamba

Ban yi zancen ƙwallo da kowa ba.

Alhamis, 29 ga Disamba

Zuciya ta ɗan sauka. Da dare na nemo wasan ƙarshe na Zakarun Turai a Munich a waya, 19 ga Mayu 2012, na bi Mikel shi kaɗai da ido, ban bi ƙwallo ba. Babu Terry, babu Ivanovic, babu Ramires, babu Meireles. A gidan Bayern. Minti 120 yana tsakanin Schweinsteiger da Kroos da Müller, yana toshe nan yana toshe can, in ya karɓa ba ya zubarwa. Kowa kan Drogba yake tunawa a minti na 88, da fenaretin ƙarshe, da hannun Cech. Haƙƙinsu ne. Amma da tsakiyar nan ta ɓalle, da ba a kai minti na 88 ana 1 da nema ba.

Ɗan Jos. Daga Plateau United zuwa Lyn ta Norway, sai rigimar nan: an ɗauke shi hoto da jar rigar Man U a 2005, aka shekara ana ja-in-ja, ƙarshe Chelsea ta biya fam miliyan 16, sha biyu ga Man U da bai taɓa buga wa wasa ba, huɗu ga Lyn. Ranar da aka raba gardamar ne na zama ɗan Chelsea. Kafin nan ba ni da kulob a Ingila.

Juma'a, 30 ga Disamba

Prandelli ya ajiye aikin Valencia. Da na fara sa rai da Sifaniya, ko ba komai ana nuna wasansu a nan. Yanzu kuma?

Asabar, 31 ga Disamba

Stoke, 4 da 2. Sha uku.

Stoke kullum Agustan 2011 take tuna mini. Cikin azumi aka sace mahaifin Mikel a garin nan, ranar Juma'a. Lahadi ya fita fili da Stoke, aka tashi babu ci. Mako na gaba ya sake bugawa da West Brom, har lokacin babu labari. Sai bayan kwana goma aka gano dattijon a Kano. Na tuna yadda gidan kallo ya yi tsit duk lokacin da kyamara ta hasko fuskarsa, 'yan Arsenal da 'yan Man U ma ba mai tsokana. Mutumin da ya ba kulob irin wannan ranar, a bar shi ya fita ta ƙofar baya?

Lahadi, 1 ga Janairu 2017

Kasuwar 'yan wasa ta buɗe. Ranar 8 akwai Peterborough a kofin FA, a gida. Irin wasan da ake hutar da manya. In yana nan har ranar, ko rabin lokaci ne, ya ɗaga hannu ga 'yan kallo. Abin da nake roƙo ke nan, bai fi haka ba.

Talata, 3 ga Janairu

Ɗan Yaya ya tambaye ni, "Baba ƙarami, ƙwallo nawa Mikel ya ci wa Chelsea?" Na ce shida. Ya zaro ido. Na lissafa masa: Macclesfield da Nottingham Forest a Janairun 2007, sai shiru har Fulham a Satumban 2013, wadda ita kaɗai ce tasa a Firimiya, sai Derby, sai Sporting, sai PSG bara. Ta PSG ɗin: bugun tazarar Ibrahimovic ya goge shi ya shiga ragarmu, kafin a tafi hutun rabin lokaci shi ɗin dai ya farke. Yaron ya ce, "Shida a shekara goma?" Na ce masa ya zo shago gobe in nuna masa cikin riga.

Laraba, 4 ga Janairu

Tottenham 2, mu 0. Dele Alli da ka, sau biyu, duk daga ƙafar Eriksen, duk daga gefe guda. Jerin ya tsinke a 13. Wani a bayana ya ce da Mikel na ciki da ba haka ba. Ban yarda ba, ƙwallayen ta sama suka biyo. Amma na ji daɗi an ambaci sunansa.

Alhamis, 5 ga Janairu

Ko'ina China ake cewa. Hazo ya rufe gari, ko duwatsu ba a hangowa.

Juma'a, 6 ga Janairu

Ya tafi. Tianjin TEDA. Kyauta, ba a karɓi ko sisi ba. Wasa 372, Firimiya biyu, Zakarun Turai, Europa, ga kofunan FA. Shekara 29 kacal. Ya rubuta wa magoya baya wasiƙar ban kwana, na karanta sau biyu a tsaye bakin shago.

Kwana biyu ya rage Peterborough.

Ashe wasansa na ƙarshe tun watan Mayu ne, muna zaune muna kallo ba mu sani ba.

Yaya ya kira. Na ɗauka tsokana ce. Sai ya ce, "Allah Ya sa hakan ya fi masa alheri." Na ce amin.

Asabar, 7 ga Janairu

Leicester ta fitar da Everton, 2 da 1, duka biyun Ahmed Musa, wani ɗan Jos ɗin. Ndidi wasansa na farko, daga Genk, shekara 20, dogo, a gaban 'yan baya. Na kama kaina ina bin sa da ido maimakon ƙwallo.

Lahadi, 8 ga Janairu

Peterborough, 4 da 1. Chalobah da Loftus-Cheek a fili. Terry jan kati. Daga 'yan Munich saura ƙalilan.

Bayan an watse na tsaya wajen mai gidan kallo. Na ce, "Maigida, dish ɗinka na kama gasar China?" Ya ce bai taɓa nema ba, zai duba. Sun fi mu da awa bakwai, wasan yammarsu hantsinmu ke nan, lokacin da shago ya fi cika. Sai Maris za su fara. Ya ce in tuna masa ƙarshen Fabrairu.