Tsarabar Landan

'Yan uwana mata, akwai wata al'ada tamu da nake so mu zauna mu dube ta da kyau, wato tsaraba. Asalinta alheri ne, babu mai musu. Mutum ya yi tafiya ya tuna da na gida, ya riƙo musu ɗan abin da ya sawwaƙa, a karɓa a sa albarka, shi ke nan. To amma a gidaje da yawa yau tsaraba ta zama haraji, kuma irin harajin da a wuyan mace yake sauka. Ban ƙara tabbatar da haka ba sai a hutun da muka yi a Landan cikin shekarar 2023.

Mu tara muka tafi. Ni da maigidana da yaranmu biyu, sai aminiyata tun ta makarantar kwana da mijinta da nasu yaran uku. Shekara biyu ana tanadin tafiyar nan, ga shi ta faɗo a ƙarshen watan Yuli, lokacin da fam ɗaya ya haura naira dubu a wajen 'yan canji, don haka kwana goma kacal aka yanka mana. Muka kama hayar gida mai ɗaki uku kusa da titin Edgware, unguwar da Larabawa suka yi yawa, saboda samun naman halal ba tare da wahala ba.

Tun a cikin jirgi, ba mu daɗe da barin Abuja ba, ƙawata ta zaro wani littafin rubutu irin na 'yan makaranta ta miƙo mini. Suna hamsin da takwas na ƙirga. Uwar miji da abokan zamanta biyu, ƙannen miji mata bakwai, facaloli huɗu, 'ya'yansu, sannan nata dangin, maƙwabta, har mai yi mata kitso. Gaban kowane suna an rubuta lambar takalmi ko launin mayafi, wasu ma hoton abin da suke so suka turo mata ta WhatsApp.

Na ce, "Ƙawata, yawon buɗe ido za mu, ko sarin kaya?"

Ta ce, "Ke dai bari. Ke kin huta, dangin mijinki ba su da yawa. Ni idan na tsallake mutum ɗaya a gidan nan sai an shekara ana yi da ni."

Kwana biyun farko tare muka yi su, kuma wallahi an sha daɗi. Muka hau bas mai bene wadda samanta a buɗe yake, muka ga hasumiyar agogon nan, direban yana bayani wai Big Ben sunan ƙararrawar da ke ciki ne. Muka tsaya cikin cunkoso a ƙofar fadar Bakingham muna leƙen sojoji masu dogayen hulunan gashi suna canjin gadi. Yara suka koyi tsayawa ta hannun dama a matattakala mai tafiya da kanta, don idan ka tare hagu sai ka ji ana ta ba ka haƙuri a bayanka, haƙurin da ma'anarsa ita ce matsa. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne rana. Sai kusan ƙarfe tara na dare ake Magariba, ƙaramin ɗana ya rantse ba zai kwanta ba tunda gari da haske.

Rana ta uku aka rabu. Mazan suka ajiye mana kuɗi suka tafi ganin filin ƙwallon Arsenal. Ƙawata ta ɗauki littafinta ta nufi titin Oksfod. Ni kuwa tawa tsarabar ta mutum goma sha biyu ce, cakulan da ganyen shayi da 'yan turaruka, yamma ɗaya na gama, don haka na kwashi yaran duka biyar muka faɗa jirgin ƙarƙashin ƙasa. Kusan haka sauran kwanakin suka tafi.

Inda ba zan manta ba shi ne babban gidan tarihi na Birtaniya. Tun 1759 aka buɗe shi, kuma ko kwabo ba a biya a ƙofa. Yara suka fara da gawarwakin mutanen Masar na dā da aka naɗe da tsumma, suna ta ihu ƙasa-ƙasa, ɗaya na ɓuya a bayan ɗaya. Daga nan muka sauka ƙasa ɓangaren Afirka, sai ga mu gaban faranta na tagulla an jera su a kan sanduna tun daga ƙasa har sama, kowanne da siffar sarki da fadawansa da mayaƙa, aikin hannu mai tsananin kyau. Daga fadar Oba na Benin aka kwaso su a 1897, lokacin da sojojin Ingila suka ci garin suka ƙone shi. Babbar 'yar ƙawata, mai shekara goma sha huɗu, ta daɗe tana karanta rubutun da ke jiki, sannan ta juyo.

"Anti, wannan Benin ɗin tamu ce ta jihar Edo?"

Na ce ita ce.

"To me ya sa ba su mayar ba?"

Na gaya mata iyakar abin da na sani, cewa Jamus ta fara maido da nata a Abuja a ƙarshen 2022, su kuwa waɗannan suna kafa hujja da wata doka tasu ta 1963 wadda ta hana gidan rabuwa da kayan da ke cikinsa. Yarinyar nan ta yi shiru, ta ƙara zagaye ɗaya, ta ce, "Da Mama ta zo ta gani." A lokacin uwarta na can cikin layin biyan kuɗi da takalma ƙafa shida a hannu.

Washegari muka je Hasumiyar Landan a bakin kogi, tsohon gini da ya haura shekara ɗari tara, inda ake ajiye kambunan sarauta. Wata uku ke nan ba su cika ba da aka ɗora wa Sarki Charles ɗaya daga cikinsu a ka. Ba a bari a ɗauki hoto, kuma wata shimfiɗa ce mai tafiya take wucewa da ku ta gabansu don kada kowa ya toge. A kan sandar sarauta akwai wani daiman da aka yanko daga dutsen da aka haƙo a Afirka ta Kudu a 1905, ni dai ban taɓa ganin abu mai ɗaukar ido irinsa ba. Yaran kuwa manyan hankakin nan baƙaƙe da ake kiwo a harabar su suka fi burge su, musamman da suka ji wai idan tsuntsayen suka bar wurin mulkin zai rushe. Ashe Bature ma da nasa camfin.

Kullum da yamma mu dawo baki cike da labari, ita ta dawo ƙafa a kumbure. Kuma ba hutawa za ta yi ba, sai mun shiga kicin mun tuƙa tuwon samobita da miyar kuka, don mazan sun ce abincin garin bai zauna musu ba. Bayan an ci an watse sai ta zauna a ƙasa tsakiyar kaya da biro, tana soke suna, tana mayar da fam zuwa naira. Na riƙa ɗaga kayan ina duba wuyansu: wannan Sin, wannan Bangladesh, wancan Turkiyya. Leshin da ta yi tattaki har kasuwar da ke kusa da tashar Libaful ta sayo wa surukarta, irinsa ne 'yan Kantin Kwari suke kawowa. Da na faɗa mata sai ta ce ta sani sarai, amma na Kwari ba ya zuwa da ledar Landan. Ledojin kantunan nan kuwa ninke su take yi ɗaya bayan ɗaya kamar shadda, don a ciki za a miƙa wa kowa nasa.

A dare na bakwai na kasa haƙuri. Na ce, "Haba ƙawata, kuɗin jirgin nan fa ba na wasa ba ne. Saura kwana uku, ko kogin ba ki hau ba." Sai ta ajiye biron, idonta ya kawo ruwa. Ta ce tun ranar da aka ji zancen tafiyar, surukarta ta ce kuɗin da za a kai mace kallon Turawa ai ya isa a kai uwa Umara. Ƙannen mijin kuwa sun fi shekara suna yi masa tallan wata yarinya. Ta ce, "Kin ga littafin nan? Da shi zan sayi zaman lafiyar shekara guda. Ke ki je ki yi kallonki ki rubuta, ni aurena nake gadi."

Me zan ce mata? Ban ga laifinta ba a daren nan, har yau kuma ban gani ba. Maigidana ya ɗan taɓa wa mijinta maganar, amsar da ya samu ita ce wannan harkar mata ce. To ai danginsa ne. Shi ya san uwarsa, shi ya san ƙannensa, kalma ɗaya daga bakinsa, cewa kowa turare ɗaya zai samu kuma daga hannunsa zai fito, da ta kashe maganar. Amma ya ga ba da kuɗi ya fi sauƙi. Sauran laifin namu ne, mu masu karɓa. Mu ne muke juya mayafi mu duba, mu leƙa na facala mu auna da namu, mu ce wance ta je har Ingila amma ga abin da ta ga ya dace da mu. Marigayi Abubakar Imam ya je ƙasar nan a 1943 ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, har gobe ana karantawa. Ina jin da mace ce, da lambobin takalma za a cika mata jaka da su, littafin ma ba zai samu ba.

Ranar Juma'a dai ta bi mu babban masallaci mai ƙubba ruwan zinare da ke gefen lambun Rijent. Bayan an idar muka shiga cikin lambun, wajen da aka shuka furannin wardi kala-kala, muka shimfiɗa zane a kan ciyawa. Yara suka ruga wajen agwagi. Ita kuwa ta cire takalmi, ta yi matashi da jakarta, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafin in buɗe ledar abinci ta yi barci. Awa guda cur na zauna a gefenta ban tashe ta ba.

A filin jirgi kowace akwati kilo 23 aka yarda. Nata uku sun wuce, muka durƙusa a gaban jama'a muna kwashe kaya daga wannan muna cusawa a waccan, har cikin jakunkunan goyon yara, duk da haka sai da mijin ya biya kuɗin ƙari yana ƙunƙuni. A duk kayan nan abin da ta saya wa kanta silifa ne ƙafa ɗaya, shi ma don kumburin ƙafa.

Mun dawo da sati biyu ta kira ni. An raba kaya, surukar ta sa albarka sama-sama, wata facala ta aiko da takalminta a mayar wai ba launin da ta ce ba ne, ƙanwar miji ɗaya ta daina gaishe ta saboda jakar 'yar uwarta ta fi tata girma. 'Yarta kuma ta rubuta insha'i a makaranta a kan tagullar Benin, malamin ya sa ta karanta a gaban aji. Har za mu yi sallama sai ta ce, "Don Allah ƙawata turo min hotunan nan naku, ki rubuta sunan kowane wuri a ƙasa. Mutane sai tambayata suke me na gani." A daren na zauna na tura mata guda arba'in.