Bayan an gama ɗaukar hoto, wa zai ɗaure notin?



A shekarar 1967 wata yarinya Ba'amurkiya 'yar shekara 17, Joni Eareckson, ta yi tsalle ta faɗa ruwa a gaɓar Chesapeake, ashe wurin ba zurfi. Wuyanta ya karye, ƙafafu da hannuwa suka daina aiki. Daga baya ta koyi zane da alƙalami a baki, ta rubuta littattafai, a 1979 kuma ta kafa ƙungiyar Kirista mai suna Joni and Friends. Cikin ayyukan ƙungiyar akwai wanda suka soma a 1994, suna kiransa Wheels for the World, kuma Ghana ce ƙasar da suka fara kai shi. Tsarin ba wani ɓoyayye ba ne. A Amurka idan mai keken guragu ya rasu, ko ya samu sabo, tsohon yakan ƙare a sito ko a bola. Sai 'yan sa kai su bi gida gida da coci coci suna tattarawa. Daga nan a kai kekunan wasu gidajen yari, fursunoni su kwance su, su wanke, su canja boris da birki da abin zama, su mayar da su kamar sababbi. Sai a loda a kwantena a tura ƙasashe irin su Ghana da Uganda da Peru da Guatemala, ayarin 'yan sa kai su bi baya.

Abin da ya ja hankalina shi ne su wane ne a ayarin. Ba masu wa'azi kaɗai ba ne. Akwai ƙwararrun gashi da motsa gaɓoɓi, akwai bakanikai da akwatunan sifana da sukurdireba, akwai masu yanka soso da katako. Mutum ɗaya sai a shafe sa'o'i a kansa. A auna faɗin ƙugunsa. A auna tsawon cinya daga baya zuwa bayan gwiwa, a bar tazarar yatsu biyu ko uku don kada bakin kujera ya riƙa gurzar fata. A ɗaga matakin ƙafa ko a sauke shi. Idan yaro ne wanda wuyansa ba ya tsayawa, sai a sassaƙa masa matokari a gefe da madogarar kai. A ɗora shi, a duba, a sauke shi, a sake kwance noti, a sake gwadawa, uwar tana zaune a gefe tana kallo.

Wani zai ce wannan duk ƙaƙale ne, keke ai keke ne. To ba haka ba ne. Keken guragu kamar takalmi yake, wanda ba girmanka ba ciwo zai ji maka. Sai dai mai takalmi yana jin zafi ya cire, shi kuwa wanda lakarsa ta taɓu sau da yawa ba ya jin komai daga ƙugu zuwa ƙasa. Zai wuni zaune a kan leda mai tauri, nauyinsa duka a kan ƙasusuwan mazaunai, jini ya daina zagayawa a wurin, fata ta mutu. Kafin a farga gyambo ya buɗe, wani lokaci har ƙashi. Irin wannan gyambon yana kashe mutum idan ƙwayoyin cuta suka shiga jini. Yaron da aka jefa cikin keken manya kuwa zai karkace gefe guda, a hankali ƙashin bayansa ya bi karkacewar. Shi ya sa tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin bayar da keken guragu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, mataki takwas, daga tantance mutum da daidaita masa keken, zuwa koya masa amfani da shi, har zuwa gyara da bibiya. Hukumar ta ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 100 na buƙatar keken, wato wajen miliyan 80 a duniya, kuma mafi yawansu ba su da wanda ya dace da su.

Su ma masu kyakkyawar niyyar sun sha koyon darasi. Wani injiniya, Don Schoendorfer, wanda ya taɓa ganin wata mata tana jan jiki tana tsallaka titi a Maroko, ya kafa Free Wheelchair Mission a 2001. Kekensa na farko farar kujerar roba ce, irin wadda muke haya a biki, an ɗora ta a kan tayoyin keken hawa. Ga araha, an raba da yawa, amma masana suka yi ta sukar cewa girma ɗaya ba zai yi wa kowa ba. Ƙungiyar ba ta kafe ba, ta koma ƙera masu girma daban daban da ake iya daidaitawa.

Na san tambayar da ke bakin wasunku, don haka bari mu taɓa ta. E, 'yan mishan ne, kuma ba sa ɓoyewa. Duk wanda ya karɓi keke a shirin Joni ana miƙa masa Littafi Mai Tsarki a harshensa, a haɗa shi da cocin yankin. Musulmin da wannan bai kwanta masa ba yana da hujjarsa, ni ma ina ganin bai kamata mabuƙaci ya ji kamar da sharaɗi a kan taimakon da ake masa ba. Amma ƙorafin zai fi nauyi a bakin wanda ya taɓa durƙusawa gaban gurgu da abin awo a hannu. Mu namu rabon ai mun san shi: a jero kekunan asibiti masu sheƙi a filin taro, a manna hoton mai girma a bayan kowanne, a ɗora mutane, a ɗauki hoto, a watse. Wannan keken don daɓen asibiti aka ƙera shi. Ƙananan tayoyinsa na gaba da sun shiga rairayi sun nutse, damina ɗaya tsatsa ta gama da shi.

Inda nake ganin aikin baƙin ya gaza shi ne bayan tafiyarsu. Kwana kaɗan suke yi su hau jirgi. Wata shida, boris ɗin tayar gaba ya tafi, a zagaye kasuwa ba irinsa, domin kayan Amurka ne. Keke mai tsada ya koma wurin shanya a tsakar gida. A nan ne abin da ake yi a Jos ya fi burge ni. A 1999 Ayuba Gufwan, wanda shan inna ta kama tun yana ƙarami, ya haɗu da wani fasto Ba'amurke mai ritaya, Ron Rice, suka kafa cibiyar Beautiful Gate. Suna ƙera keke mai taya uku da ake tuƙawa da hannu, da kayan keken hawa na yau da kullum, suna bayarwa kyauta ga Musulmi da Kirista. Idan sarƙa ta tsinke ko taya ta yi faci, mai gyaran keke na bakin kasuwa ya isa. Idan ƙarfe ya karye, ga mai walda. A 2024 aka naɗa Gufwan ya jagoranci hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa. A Kano ma ƙungiyar waɗanda shan inna ta shafa ta daɗe tana ƙera irin wannan keken da hannun 'ya'yanta.

A 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, alhamdulillahi. Amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, ga kuma waɗanda haɗarin mota da babur ke kwantarwa kullum. Kowannensu kekensa zai lalace, ba sau ɗaya ba. Masu gyaran keke da masu walda kuwa ba unguwar da babu su. Abin da ba su samu ba shi ne wanda zai zaunar da su na mako guda ya nuna musu yadda ake auna ƙugu, yadda ake yanka soson zama, da alamar fatar da gyambo ke shirin fitowa. Kuɗin wannan horon bai kai na kanofi da lasifikar taron rabo ɗaya ba. Idan akwai masallaci ko coci ko ƙungiyar matasa da ke son gwadawa a unguwarsu, ku yi magana a ƙasa, mu ga ta inda za a fara.