Ruwa, Kanwa da Rigimar Ajinmu

Bana a darasin tafsiri mun kai ayar Suratul Anbiya'i da ke danganta kowane abu mai rai da ruwa. A makon ne kuma malamin kimiyya a makarantar boko ya ce mana ruwa yana cikin manyan matsalolin masu binciken yadda rai ya fara a duniya. Muka dawo islamiyyarmu ta Hajara rai a ɓace, huɗu daga cikinmu suka ce sun daina shiga ajinsa. Malam bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ku je ku fahimci maganar mutumin tukuna, sannan ku zo."

Ga abin da muka fahimta. Furotin, sinadarin da ke gina tsoka, sarƙa ce ta ƙananan ƙwayoyi da ake kira amino asid. Duk sanda biyu suka ƙullu, sai ƙwayar ruwa ɗaya ta fita. To a tsakiyar teku, inda ruwa ya yi yawa, abin juyawa yake yi: ruwan ne ke kutsawa ya tsinke sarƙar. Ashe mun sha ganin irinsa a tukunya, in ƙafar saniya ta daɗe tana dahuwa har jijiya ta narke, romo ya yi danƙo. A 1953 Stanley Miller na Jami'ar Chicago ya samu amino asid daga iskar gas da tartsatsin lantarki, amma tubali ne ya samu, ginin na nan.

Matsala ta biyu ita ce fosfet, wanda DNA ba ta tsayuwa sai da shi. A yawancin ruwa sinadarin kalsiyam yana kama shi ya mai da shi dutse, ɗan kaɗan ke saura. A ƙarshen 2019 Toner da Catling na Jami'ar Washington suka nuna cewa a tafki mai kanwa, kanwar ce ke riga kama kalsiyam, sai fosfet ya taru.

Nan fa muka yi tsit. Kanwa? Wadda Inna ke jefawa a wake? Ai tafkunan gishiri da kanwa ga su nan yamma da mu, cikin rairayin Ubari. Ɗayanmu ya taɓa zuwa can da babansa. Ya ce ruwan Gabar Aun ya fi na teku gishiri, amma jajayen ƙwari na iyo a ciki, waɗanda mutanen Dawada suka daɗe suna ci. Tafkin Mandara kuwa ya ƙafe ya bar ɓawon gishiri. Irin wannan bakin tafki, yau a jiƙe gobe a bushe, shi ne inda masana da dama ke zaton sarƙar za ta iya ƙulluwa, don bushewa na janye ruwan da ke tsinke ta.

Zato ne dai. Har yau babu wanda ya haɗa ƙwayar halitta mai rai daga sinadarai zalla a ɗakin gwaji, kuma malamin kimiyyar da kansa ya faɗa mana haka.

Muka kai wa Malam duka. Ya saurara har ƙarshe, ya ce bai ji abin da zai sa ɗalibi ya gudu daga aji ba. Uku daga cikin huɗun sun koma. Na huɗun ya ce sai Babansa ya yarda, Malam kuma ya yi alkawarin zuwa gidansu bayan sallar Juma'a.