Jarrabawar Ɗan Tashe a Kusada

A Kusada, kamar sauran garuruwan ƙasar Katsina, in watan azumi ya kwana 10 yara su kan fara tashe. Da an sha ruwa an yi asham, sai su bi gida gida suna waƙa suna kwaikwayo, a ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Mai kallo daga zaure ya kan zaci wasa ne kurum. Bai san kafin a bar yaro ya ja waƙa, sai manyan samarin unguwa sun jarraba shi ba.

Akwai wani yaro ɗan shekara 14 wanda ya shekara 3 yana amshi. Wannan shekara ya sa rai a ba shi Jatau Mai Magani, watau shi zai rataya burgami cike da saiwoyi, ya riƙa lasafta magunguna, saura suna amsawa. Sai ga shi tun cikin Sha'aban muryarsa ta soma fashewa. In ya ɗaga ta sai ta tsinke kamar ruɓaɓɓen zare, abokansa su bushe da dariya. Ya kuwa san in ya faɗi bana shi ke nan, baɗi ya yi girma da tashe.

Ya tafi wurin kawunsa, wani dattijo wanda ya yi wa wani mai kalangu amshi zamanin samartakarsa. Uban yaron bai so ba, ya ce gidansu ba gidan roƙo ba ne. Kawun ya ce, "Haba, abin 'yan kwanaki ne, kai ma ai ka yi." Uban ya yi shiru.

Da fari dattijon ya hana shi waƙa da rana, gama maƙogwaron mai azumi a bushe ya ke. Ya hana shi ruwan randa mai sanyi, sai kunun tsamiya mai ɗumi da citta da kanumfari. Sa'an nan ya zaunar da shi a zaure, ya sa shi faɗin kalmomin ba karin waƙa, kamar mai talla a kasuwar Kankiya, har kwana 3. Yaron ya ƙosa, amma dattijon na da gaskiya, don Hausa harshe ne mai hawa da sauka, wanda ya karya kalma garin neman daɗin murya ba mai gane abin da ya ke faɗi.

Babban aikin kuwa shi ne raba shi da kwaikwayon Mamman Shata. Yaron ya haddace waƙoƙinsa daga rediyo, shi ya ke so ya zama. Kawun ya ce, "Ɗana, Shata mutumin Musawa ne, maƙwabcinmu, har ya rasu a 1999 da muryarsa ya yi waƙa, bai ari ta kowa ba. Muryarka ta ƙuruciya ta tafi, kada ka bi ta. Sauko ƙasa."

Yaron ya ce, "Kawu, in na sauko ba za a ji ni ba."

Ya ce, "Za a ji ka in da iska a cikinka. Sa'ad da 'yan amshi ke amsawa, nan ne za ka ja numfashi, kada ka taya su."

Ya kuma koya masa dabara guda: in magana ta ɓace masa kada ya tsaya, ya sa hannu cikin burgami kamar mai laluben magani, har ta dawo.

Ran 8 ga wata da dare aka taru a dandali, shugaban samari na zaune bisa turmi. Yaron ya soma a ƙasa, muryar ta fito da kauri, har waɗansu suka dubi juna. Da ya kai tsakiya ya manta gargaɗin kawunsa, ya ɗaga, sai ta tsinke. Wani ya fara dariya. Yaron ya dafe ƙirji, ya yi tari irin na tsofaffi, ya zaro wata saiwa ya tauna, sa'an nan ya ci gaba. Dandali ya ɗauka da shewa, kowa na tsammani cikin wasan ne.

Shugaban samari bai ruɗu ba. Ya ce an ba shi Jatau, amma daren fari cikin unguwarsu kaɗai za su zaga, a ga yadda muryar za ta riƙe.

Uban yaron bai zo dandali ba, bai kuma tambayi kowa ba. Da gari ya waye aka ga tsohon burgaminsa na fatar akuya rataye a ƙofar ɗakin yaron.