Daren da 'Yar Tsohuwa Ta Fara Ɗingishi

Ƙarfe biyu da 'yan mintoci na dare aka gama sauke sabuntawar. Mu huɗu ne a ɗakin, kuma ba wanda ya runtsa, don tun sha biyu muke zaune muna gadinta da datar dare da muka yi karo-karo muka saya. Da gem ɗin ya buɗe, sai da ɗayanmu ya yi salati. Ciyawar filin kamar ka sa hannu ka tsinka, inuwar 'yan wasa na biye da su, har gumin goshin mai tsaron gida ana gani. Aka busa usur, na tura ƙwallo, sai ta tsaya cak a iska. Ta yi kamar daƙiƙa guda tana shawara da kanta, sannan ta ɓulla a ƙafar abokin hamayya. 'Yan wasan nan suka koma tafiya kamar masu shaƙuwa, fanka ta kama kuka, ƙasan kwamfutar ya yi zafin da za ka iya ɗumama tuwo a kai.

"Mutumina," in ji wanda ke kwana a saman gadona, "'Yar Tsohuwa fa ta gaji."

Sunan da ake kiran laftof ɗita ke nan a hostal. Ƙirar 2012 ce, Yayana ya saye ta ta hannu a Titin Beirut da ke Kano lokacin da yake nasa karatun, ya yi furojet ɗinsa da ita, sannan ya miƙo min ranar da zan taho makaranta. RAM ɗinta giga 4 ne, ba ta da katin zane na daban, Windows 7 ce a kanta tun daga hannun mai ita na farko. Da zai ba ni, sharaɗi ɗaya ya gindaya: "Don karatu na ba ka. Kada ka cika mata shirgi." Na ce to, Yaya. Kafin samista ta farko ta ƙare na saka mata gem ɗin ƙwallo.

Ba zan yi muku ƙarya ba, wannan gem ɗin ne ya haɗa kan ɗakinmu. Huɗunmu kowa da garinsa, kowa da sashensa, da farko gaisuwa kawai ke haɗa mu. Da aka samo hannun gem guda biyu, sai ga shi muna da gasa duk daren Juma'a, da teburin maki a bayan ƙofa, da dokar cewa wanda ya zo na ƙarshe shi zai biya shayi da burodi. 'Yar Tsohuwa ba ta taɓa ba mu kunya ba, har wannan daren.

Kwana biyu na yi ina bincike kafin na fahimci abin da ya faru, kuma abin kunya ne a ce ɗalibin kimiyyar kwamfuta sai da ya sha wuya ya gane. Motsin da muke gani a gem hotuna ne ake jerowa da sauri. Fim ɗin silima hoto 24 yake nunawa a kowace daƙiƙa, gem kuwa ana son ya kai 60, in an matsu 30. Bambancin shi ne na fim an riga an ɗauka, na gem kuwa kwamfutarka ce za ta zana kowane ɗaya a nan take, da haskensa da inuwarsa da ciyawarsa. Kafin sabuntawar, tawa tana ba da wajen 40. Bayanta, ƙidayar da ke kusurwar allo ta koma lilo tsakanin 9 da 14.

Kuma ba nauyin zanen ne kaɗai matsalar ba. Tsakanin gem da na'urar zane akwai 'yan aike guda biyu. Ɗaya shi ne DirectX, wato yaren da gem ke ba da umarni da shi a kan Windows. Ɗayan kuma wata manhaja ce da ake kira direba, wadda ke fassara umarnin ga na'urar. Windows 7 ta fito a 2009 tare da DirectX 11. DirectX 12 kuwa da Windows 10 ya zo a 2015, kuma sababbin gem da shi ake auna su. Masu tsohon tsari akan bar musu wata tsohuwar hanya su lallaɓa, amma hanya ce da ba a ƙara yi mata kwalta. Direban da ke kan kwamfutata ya shekara da shekaru ba a taɓa shi ba. Gem ya koyi sabon yare, tafintansa na nan a inda aka bar shi.

Da na ci gaba da karatu sai na ga ashe labarin ya daɗe da tashi, mu ne ba mu ji ba. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020. Daga Oktoban 2021 Nvidia ya daina fitar da sababbin direbobin gem ga Windows 7 da 8. Fortnite ya koma buƙatar Windows 10 a Maris ɗin 2023. A Satumban wannan shekarar Counter-Strike 2 ya maye gurbin wanda ya gabace shi, aka ajiye masu DirectX 9 da masu tsarin bit 32 da masu Mac, kamfanin ya ce gaba ɗayansu ba su kai kashi 1 cikin 100 na 'yan wasan ba. Steam ma ya janye tallafinsa ga Windows 7 daga 1 ga Janairun 2024. Wannan kashi 1 cikin 100 ɗin ya daɗe yana min yawo a kai. A lissafin duniya ƙanƙanin abu ne. Amma ka zaga hostal ɗinmu ka duba kwamfutocin da ke ƙarƙashin filo, za ka ga irin waɗanda akan zuba a wannan lissafin.

Da a nan na tsaya da na huta. Sai dai Juma'a na matsowa, ni ne kuma a saman teburi da tazarar maki biyu. Na rage ingancin hoto har 'yan wasa suka koma kamar an sassaƙa su da sabulu, na kashe inuwa, na rufe duk wata manhaja da ke aiki a ɓoye, na ɗora kwamfutar a kan murafan kwalba huɗu don ta sha iska. Ƙidaya ta hau 17. Daga nan ne na faɗa wani shafi da ba a san mai shi ba, inda aka ce akwai wani direba da aka yi wa kwaskwarima, wai yana ninka gudun tsofaffin na'urori. Na san ƙa'ida. Ni ne ma nake yi wa 'yan ajin ƙasa wa'azi a kan kada su sauke abin da ba su san asalinsa ba. Na sauke, na saka, na sake kunnawa.

Allo ya yi baƙi. Na jira, shiru. Na danne maɓallin wuta ta mutu, na sake kunnawa, baƙi. Na yi haka ya fi sau biyar, har ta fara shiga shafin gyaran kai tana fita tana komawa. Na danna F8 don in shiga ta ƙofar gaggawa, ta jero sunayen fayiloli ta tsaya a tsakiya. A lokacin ne cikina ya ɗuri ruwa, don na tuna abin da ke cikinta. Babi na ɗaya zuwa na huɗu na furojet ɗina, da manhajar rajistar ɗalibai da na shafe wata huɗu ina rubutawa, duk suna cikin folda ɗaya a fuskar kwamfutar. Babu kwafi a filash, babu a imel. Saura kwana 9 in miƙa wa malamin da ke duba min aikin.

Da safe wani abokinmu daga ɗakin gaba ya zo da filash mai Windows 10 a ciki. "Ai wannan ba komai ba ne, fomatin za a yi mata, minti talatin an gama." Har mun kai shafin da ake zaɓar ɓangaren da za a goge, yatsansa na kan maɓalli, na riƙe masa hannu. Na ce tsaya, in ka goge nan, ina foldata? Ya dube ni ya ce, "Au, ba ka da kwafi?" Garin neman gira saura ƙiris in rasa ido.

Kiran Yaya ya fi komai wuya. Na yi ta kewaye-kewaye, ina cewa kwamfutar ce ta samu 'yar matsala, ya katse ni: "Me ka saka mata?" Na faɗa masa gaskiya. Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke, sannan ya ce, "Kada ka ƙara taɓa ta. Ka kai ta kasuwa, ka ce a fara ciro aikinka kafin a yi komai." Bai yi min faɗa ba. Wallahi da ya yi, da ya fi min sauƙi.

Mai gyaran da na samu dattijo ne a wani ɗan lungun shago, ga gawarwakin kwamfutoci jibge har rufi. Ya kwance ƙasanta, ya zaro rumbun ajiyar, ya haɗa shi da wata igiya a jikin tasa kwamfutar. Mintocin da ya ɗauka kafin ya buɗe, ban san adadin addu'ar da na yi ba. Sai ga foldar nan, da sunan da na ba ta da kaina. Ya kwafe min a filash, ya ce in tura wa kaina ta imel a gabansa kafin ya ci gaba. Da ya buɗe wajen fankar kuwa, ya zaro wani dunƙulen ƙura mai kaurin bargo ya ɗora min a tafin hannu.

"Ɗalibi, hunturu nawa ta yi ba a share ta ba?"

Na ce ban sani ba, Baba.

Ya bayyana min cewa in na'ura ta yi zafi fiye da kima, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, saboda haka rabin ɗingishin nan ma numfashi ne ta kasa yi. Ya share, ya sa sabon man sanyaya, sannan ya faɗa min gaskiyar da ban so ji ba. Zai iya ƙara mata RAM zuwa giga 8, ya sa mata SSD a madadin tsohon rumbun, ya ɗora mata Windows 10, za ta tashi da sauri kamar sabuwa. Amma na'urar zanen a cikin ƙwaƙwalwarta aka gina ta, ba a cirewa, ba a canzawa. "Karatu za ta kai ka," in ji shi. "Wannan ƙwallon kuwa, ka nemi wani filin."

Kuɗin aikin ya fi abin da ake turo min na wata guda. Yaya ne ya biya, kuma na san daga kuɗin da yake tarawa na aurensa ya cira, don Umma ta faɗa min daga baya ba tare da ta san ta faɗa ba. Da na dawo hostal na gwada gem ɗin sau ɗaya a kan sabon tsarin. Ƙidaya ta tsaya wajen 22. Na goge shi a daren.

Na daɗe ina jin haushin masu gem ɗin, amma da na zauna da nawa furojet ɗin haushin ya ragu. Ni ma da nake rubuta 'yar manhajata, a kan burauzar zamani na gwada ta, ban taɓa tunanin wanda zai buɗe ta a tsohuwar kwamfutar wani ofis ba. Kula da tsohon tsari aiki ne, kuma kuɗi ne, dole wata rana a ja layi. Abin da ya rage min a rai shi ne gem ɗin intanet ba ya ba ka damar cewa a'a. In sabuntawa ta zo, ko ka karɓa ko ka bar filin. Abin da na shekara biyu ina ɗauka nawa ne, ashe zaman haya nake yi. Kafin in miƙa aikina na roƙi izini na gwada manhajar a kan kwamfuta mafi tsufa da ke ɗakin gwaje-gwajen sashenmu. Shafuka biyu suka ƙi buɗewa, na gyara su. Malamina ya tambaye ni wa ya ce in yi haka, na ce wata tsohuwa ce ta koya min, Malam. Bai gane ba, ni ma ban yi bayani ba.

Ku 'yan ajin ƙasa, ba zan ce ku daina gem ba, don ba za ku ji ba, ni ma ban ji ba. Amma aikinku ya zauna a wuri uku: kwamfuta, filash, da imel ko ma'ajiyar intanet. Kafin ku karɓi babbar sabuntawa ku karanta abin da take buƙata, ku gwada da abin da kuke da shi. Direba kuwa a shafin kamfanin da ya ƙera na'urar kawai ake ɗaukarsa. In hunturu ya wuce, a kai ta a share mata fanka.

Gasar Juma'a ba ta mutu ba. Mun samo wani tsohon gem ɗin ƙwallo da ba ya neman intanet, wanda 'yan wasan cikinsa rabinsu sun yi ritaya, ciyawarsa kuma kamar an shafa koren fenti. Yana gudu sumul, ba ya tambayar kowa sabuntawa. Na faɗo daga saman teburi, makonni biyu a jere ni nake biyan shayi.

Yaya ya ce in na gama, ƙanwarmu za a ba 'Yar Tsohuwa, don ita ma ta samu gurbin karatu. Na san Windows 11 ba za ta karɓe ta ba, tunda tana neman TPM 2.0 da ƙwaƙwalwa ta baya-bayan nan, kuma 14 ga Oktoban 2025 ce ranar da Microsoft ya sa wa Windows 10 tata iyakar. Ban san shekara nawa suka rage mata ba. Na dai saya wa ƙanwar tamu filash, na ɗaure shi da zare a jikin jakar kwamfutar. Ranar da zan miƙa mata, zan ce don karatu na ba ta, kada ta cika mata shirgi. Za ta ce to, Yaya.