Ranar da Gwaggo Ta Kai Mu Kalgo

Waɗanda muka shigo makarantar nan tare za su iya tuna wata farar Fijo mai dogon baya da ta sauke wani yaro a bakin get ranar rajista, tana tari kamar mai mura. Yaron ni ne. Motar ta Babana ce, Peugeot 504, kuma ta girme ni nesa ba kusa ba. Kafin in gama sauke katifa da buhun gari, wasu da daga baya suka zama 'yan ajinmu sun raɗa mata suna: Gwaggo. Tun daga ranar, in Baba zai kawo mini saƙo daga Gwandu sai in ce mu haɗu can gefen titi, wai don kada masu gadi su ɓata masa lokaci. Ƙarya nake yi. Kunya nake ji.

Baba malamin firamare ne, shekara 35 ya yi da alli a hannu. A 1998 ya sayi Gwaggo, ta hannu, daga wani ma'aikaci da aka mayar Sakkwato. Ita ke kai albasarmu kasuwar Aliero. Ita ta kai Inna asibiti daren da aka haife ni, ita ta ɗauko amaryar Yaya. A unguwarmu, in ciwo ya tashi da tsakar dare, ƙofarmu ake bugawa.

Sai da na fara karatun injiniyan kanikanci na san ba ƙaramar mota nake gudu ba. A 1968 aka fito da 504 a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai. A 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kaduna, kuma a shekarar ce 504 ta cinye tseren Safari na Kenya, wanda ake yi a kan hanyoyin da suka fi namu muni. An ci gaba da haɗa ta a Kaduna har 2006, bayan Turawan da kansu sun daɗe da dainawa. Dalilin daɗewarta ba ɓoyayye ba ne: tana da tsayi daga ƙasa, tayoyin baya ne ke tura ta, kafireta gare ta, babu kwamfuta a jikinta. Bakanike mai sifana da sukundireba ya ishe ta. A Turai yau masu tara tsofaffin motoci suna nemanta da kuɗi mai kauri, su goge ta su fita da ita ranar biki. Duk na karanta wannan, amma kunyar ba ta sake ni ba.

Bayan shekarar farko na yi SIWES ɗina a wani gareji a Kalgo, bakin hanyar Jega. A can na koyi cewa mota iri uku ce a ƙasar nan. Akwai sabuwa dal, wadda a wata huɗun da na yi ban ga wani talaka ya shigo da ita ba, sai dai ta wuce mu a cikin jerin gwanon manya. Akwai kwatano, wadda aka gama hawa a Amurka ko Turai aka loda a jirgin ruwa. Sai ta hannu, wadda ɗan ƙasa ya hau ya gaji. Sunan kwatano daga tashar ruwan Kwatano ta Jamhuriyar Benin ya samo asali. Gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu tun Janairun 2017, ta kuma rufe iyakokin a Agustan 2019, amma sunan ya zauna. Da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Da dala ake sayen motar, da lissafin dala ake biyan kwastan. Abin da a da zai saya maka kwatano mai kyau, yanzu da ƙyar ya kai ka ga ta hannu.

Ogan garejin bai yi boko ba, amma ya koya mini abin da ba ya cikin littafi. Kada ka kalli fenti, in ji shi. Ɗaga shimfiɗar ƙasa ka shinshina. Leƙa ƙarfen da kujera ke gudu a kai, in ka ga tsatsa ko busasshen laka, motar ta kwana cikin ambaliya, kuma wayoyinta za su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Dubi robar birki da ta kuloci: in sun cinye amma agogon tafiya na nuna 'yar tafiya kaɗan, an mayar da agogon baya. Shiga ƙarƙashi ka ga ko an yanke tukunyar tace hayaƙi, wadda bakanikai ke kira indomi. Sannan ka kwafi lambar jikin motar mai harafi da lamba 17, ka gwada ta da ta takardar kwastan, ka kuma bincika tarihinta a intanet. In ba ka yi haka ba, cinikin biri a sama ka yi.

A farkon zangon nan kuɗin sallamar Baba suka fito, bayan jiran da ya kusa sa shi cire rai. Ni da Yaya muka sa shi gaba. Ya isa haka, mutum ya yi wa gwamnati bauta shekara 35, ya kamata ya hau abin da za a gan shi a ciki. Wani dillali a Birnin Kebbi ya nuna mana wata baƙar mota ƙirar Japan, kwatano, gilashi mai duhu, sanyin ciki kamar firji. Kuɗinta zai cinye kusan duk abin da aka ba Baba. Baba ya zagaya ta sau ɗaya, ya koma inuwa ya zauna, ya ce da ni, "Kai ne injiniyan gida. Diba ta da kyawo, abin da kac ce shi za a yi."

Na duba. Na ɗaga shimfiɗar bayan kujerar direba, na ga laka ta bushe a lungu. Ƙarfen kujera ya yi ja da tsatsa. An fesa turare mai yawa, amma a ƙarƙashinsa akwai warin ɗakin da ruwa ya ci. Kyan ɗan maciji ke nan. Na mayar da shimfiɗar, na rufe ƙofa a hankali. Abin da ke raina a lokacin ba kuɗin Baba ba ne. Hoton kaina nake gani ranar da za mu rubuta jarrabawar ƙarshe, ina fitowa daga baƙar mota, ana sa hannu a farar rigata. Na ce, "Lahiya lau take, Baba." Aka ajiye magana za a biya ranar Litinin.

Ranar Asabar ƙungiyar ƙwallon sashenmu tana da wasan sada zumunci da wasu samarin Kalgo. Ni ne lamba biyar. Bas ɗin da muka yi ciniki ba ta zo ba, direban ya kashe waya. Baba kuwa yana gari, ya kwana gidan ƙaninsa saboda maganar Litinin. Kyaftin ɗinmu, wanda shi ya fara kiran motar Gwaggo, ya zo yana sosa ƙeya: "Don Allah ka roƙar mana Baba." Mu takwas muka shige, wanda na san ya wuce ƙa'ida, saura suka hau kabu-kabu.

Mun bar gari kenan Gwaggo ta yi tari biyu ta mutu. Aka fara dariya ƙasa-ƙasa. Baba bai ce komai ba, ya miƙo mini tsohon ƙunshin kayan aikinsa. Na buɗe gaba, na cire murfin iska, na kwance kafireta, na tarar datti ya toshe 'yar ƙofar mai. Na hura, na wanke da fetur, na mayar. Minti goma ba su cika ba ta tashi. Yaran suka ɗau tafi da ihu, har da mai cewa Gwaggo ikon Allah. Ni kuwa gabana ne ya faɗi. Na tambayi kaina: da baƙar motar ce ta mutu a nan, da wayoyin da ruwa ya ci da kwamfutar da ba ni da na'urar karanta ta, me zan yi? Kuma da wane kuɗi Baba zai gyara, alhali na sa ya zuba su duka?

A filin Kalgo na ga wani abin da ya ƙara mini nauyi. Gari ya fito. Tsofaffi a kan benci, yara a kan katanga, masu kalangu, masu sayar da rake da ƙosai. Kowane ɗan wasa sun san shi, sun san ubansa. In ya ɓarar da ƙwallo su kira sunan kakansa, in ya yi abin kirki su ɗaga shi sama. Mu fa? Makaranta mai dubban ɗalibai, mai goya mana baya mutum ɗaya ne, tsohon malamin firamare da ya jingina da Fijo. Na san inda sauran suke, domin da ba na cikin wasan ni ma can za a same ni: gidan kallo, ana Firimiya.

Ni ɗan Manchester United ne tun ina firamare. Tun 2013 da Ferguson ya tafi rabonsu da kofin Firimiya, amma na sha ƙin cin abinci saboda su, na taɓa yin wata guda ba na magana da abokina saboda gardamar Arsenal. Ban ce a daina kallo ba, ni ma ban daina ba. Amma ku duba Amurka, inda suke da manyan ƙungiyoyin ƙwararru a irin tasu ƙwallon da ake runguma a hannu: filin Jami'ar Michigan na ɗaukar mutum sama da 100,000, kuma yana cika don wasan ɗalibai. Tsofaffin ɗalibai na tuƙo mota daga nesa su zo da jikokinsu. Mu nan, mutum nawa ne a ajinku zai iya kawo sunan 'yan wasa uku na makarantar nan, ko ya faɗi abin da NIPOGA ke nufi?

An ci mu biyu da ɗaya. Da muka farke ɗayar, Baba ya danna hon ɗin Gwaggo har sai da alƙalin wasa ya waiwayo. Muryarsa ta dishe. A hanyar dawowa yana ta yi wa mai tsaron gidanmu bayanin inda ya tsaya ba daidai ba, kamar yana aji.

Da muka sauke yaran, muka tsaya sallar magariba a wani masallacin bakin hanya. Bayan an sallame na kasa tashi. Na ce, "Baba, akwai magana. Motar nan ta sha ruwa. Na gani tun ranar, na yi shiru."

Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Awo. Ni ma na ji wari. Amma na ce ɗana ya yi karatun abin, ni ban yi ba. Mi na sani?"

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Hancinsa ya gaya masa gaskiya, ya ƙaryata hancinsa saboda takardar da shi ya biya mini kuɗinta. Ya tambaye ni, "To mi yas sa?" Na ce kunya. Ya yi 'yar dariya, ya ce, "Waɗanda kaka jin kunya, yau wa yak kai su Kalgo?"

Ba a sayi baƙar motar ba. Yaya ya yi fushi na kwana biyu, dillali ya kira ni da sunayen da ba za su bugu a mujalla ba. Baba ya sayi injin ban ruwa, ya ware kuɗin makarantar ƙanwata, ya ba ni wani abu na kai Gwaggo wurin Oga a Kalgo muka sake mata birki da lagireto.

Kada wani ya ɗauka ina cewa tsohuwar mota ta fi kowace. Gwaggo na shan mai kamar raƙumi, kuma tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 litar da ba ta kai naira 200 ba ta taɓa haura 1,000. Kayan gyaranta na ƙara wuya, ba ta da jakar iska ta kariya, ranar ajiye ta na zuwa. Muna neman wata a hankali, ta hannu, wadda muka san mai ita da bakaniken da ke duba ta. Wanda Allah ya hore wa sabuwa dal ya saya, garantin kamfani ba abin rainawa ba ne. Amma mu da za mu fita bana mu fara tara na babur ko na mota, tambayar farko ba sabuwa ce ko tsohuwa ba. Wa ya san inda ta kwana? Wa zai gyara ta in ta mutu tsakanin Kalgo da Bunza? In an biya ta, me ya rage a aljihu? Sannan, mu da za a riƙa kira injiniya, akanta ko masanin gini a gidajenmu, mu sani akwai tsohon da zai ajiye abin da idonsa ya gani ya ɗauki maganarmu.

Wasanmu na gaba a gasar sassa a filin makaranta za a yi, da la'asar, shiga kyauta. Na gaya wa Baba, ya ce zai zo. Wannan karon na ce ya shigo da ita har bakin fili. In kun ji hon mai kama da kukan jaki, Gwaggo ce. Ku zo ku tsaya kusa da ita.