Takardar Inshora Da Motar Da Aka Kama: Abin Da Na Gani A Azare

Ko wane mai mota a ƙasar Katagum ya san farashin mai da na taya, amma kaɗan ne daga cikinsu za su iya gaya maka sunan kamfanin da ya yi wa motarsu inshora. Galibi takardar tana naɗe ne a cikin leda tare da sauran takardun mota, ba a tunawa da ita sai ranar da ma'aikatan hanya suka ɗaga hannu. Ga Azare kuwa mahaɗar hanyoyi ce, motocin Kano da Potiskum da Misau da Jama'are da Gamawa duk ta nan suke ratsawa dare da rana. Saboda haka na ga ya kamata in yi wa 'yan'uwana masu karatu tsokaci a kan wannan takarda.

Tilasta wa mai mota yin inshora ba sabon abu ba ne. Tun zamanin Turawa, cikin 1945, aka kafa dokar da ta hana a hau titi da mota sai da ƙaramar inshora, watau wadda za ta biya diyya ga mutumin da ka buge ko ka yi wa dukiyarsa ɓarna. Ba ta gyara taka motar, haƙƙin wani take karewa. Daga 1 ga Janairu, 2023, hukumar kula da harkokin inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiya daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Sa'an nan daga 1 ga Fabrairu, 2025, Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Kayode Egbetokun, ya ba da umurnin a tsananta binciken wannan takarda a ƙasa baki ɗaya.

A 'yan kwanakin nan ne abin ya faɗa a kan ɗan wana, wanda yake jigilar fasinja tsakanin Azare da Gamawa. Aka tsayar da shi, ya miƙa takardunsa cikin kwanciyar hankali, domin wa'adinsu bai cika ba. Da aka duba lambar motar a cikin na'ura, sai ba a ga inshorarsa ba sam. Ashe mutumin da ya ba kuɗi ya sabunta masa takardu, bugawa kawai ya yi ya manna hatimi, bai kai ko kwabo ga wani kamfani ba. Aka tafi da mota aka ajiye.

Da yamma ya zo gidana ransa a ɓace, ya ce, "Baffa, wallahi na biya kuɗina, ga ma takardar."

Na ce masa, "Na yarda ka biya, ɗana, amma wa ka biya?"

Washegari muka tafi tare. Ma'aikacin da muka tarar bai wulaƙanta mu ba, ya dai lissafa mana sharuɗɗa ɗaya bayan ɗaya: takardar shaidar mallakar mota, da lasin mota, da takardar lafiyar mota, da lasin tuƙi, da rasidin biyan tara, da kuma inshora ta gaskiya wadda za a gani a cikin rajista. Ya ƙara da cewa dole lambar mota da lambar jikinta su dace da abin da ke rubuce a takardar. Haka nan motar haya inshorar haya ake yi mata, ba ta motar gida ba. Kafin a haɗa kuɗi, a sayi sabuwar inshora, ta fito a rajista, sai da motar ta kwana biyar a ajiye. Kwana biyar ke nan ba cefane sai na rance, ga mai iyali bakwai.

Duk da haka na gode wa Allah da abin ya tsaya a nan. Dalili kuwa shi ne inshorar da aka saya yau ba ta biyan ɓarnar jiya. Da a ce yaron nan ya buge wani ne da waccan takarda ta jabu a aljihunsa, da kuɗin asibiti da diyya duk a wuyansa za su sauka, wataƙila har a kai ga sayar da motar da gonar gado. Shi kuma wanda aka buge, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, ya rasa mai share masa hawaye.

Maganin wannan kuwa mai sauƙi ne. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya tana da rajistar da ake kira NIID, inda kowa zai iya sa lambar motarsa ta waya ya ga ko inshorarsa tana ciki. Idan ka saya, ka duba kafin ka bar wurin. Idan aka yi maka tayin takarda a kan kuɗin da bai kai farashin hukuma ba, to, ka tuna araha ba ta ado.

Na san akwai dattawanmu da suke ƙyamar inshora saboda shakkar riba da caca a cikinta. Waɗannan ma an samar musu mafita, domin tun 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, watau inshorar taimakon juna bisa tsarin Musulunci, kuma akwai kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful da suke yi wa motoci.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyar direbobi na tashoshin Azare da kewaye su riƙa duba takardun 'ya'yansu a rajista kafin a yi lodi, tun da su ne suka fi kowa kusa da su. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye mana hanya, ya kai kowa gidansa lafiya, amin.